Raƙumin Dawa a Cikin Kwali



Ranar da malaminmu na kimiyya ya tambaye mu wa ya taɓa ganin raƙumin dawa da idonsa, babu wanda ya ɗaga hannu. Abin da kunya, domin irin raƙuman dawa na Afirka ta Yamma a nan Nijar kaɗai suka rage a daji. Mafi yawansu suna yankin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da aka tsaya wajen kiyaye su, suka haura 600. A 2018 ma an kwaso guda 8 aka kawo su gandun dajin Gadabeji, nan jiharmu ta Maraɗi.

To, kai ajinmu gaba ɗaya Kure ba abu ne mai sauƙi ba. Ga kuɗin mota, ga kuma fargabar iyaye tun harin da aka kai wurin a watan Agusta na 2020, inda aka kashe mutum 8. Shi ya sa muka nazarci wata dabara ta kawo dajin cikin aji: mutum ya ɗora tabarau a fuska, ya ga kamar yana tsaye a wurin.

Ga yadda take aiki. Ana ɗaukar hoto da kyamara mai ido biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane yana kama rabin abin da ke kewaye. Sai kwamfuta ta ɗinke su wuri guda kamar yadda ake haɗa ɓari biyu na ƙwarya, mai kallo yana tsakiya. Wajen kallo, fuskar salula tana rabuwa gida biyu, kowane ido da nasa, ga gilashi biyu da ke kusanto da hoton. A cikin salular akwai wata ƴar na'ura mai jin juyawa. In ka waiga hagu, hoton ya nuna maka hagu. In ka ɗaga kai, ka ga sama.

Tabaraun ba lallai sai mai tsada ba. A 2014 kamfanin Google ya fito da na kwali mai suna Cardboard. Irinsa muka yanka da kwalin sabulu, muka saka gilasan da malam ya samo, muka ɗaure salularsa da roba, muka buɗe bidiyon dabbobi irin wannan a YouTube. Na farko da muka yi hoton ya riƙa fitowa biyu-biyu, ashe mun nisanta gilasan fiye da tazarar idanu. Sai a na uku ya yi daidai. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tsawo. A littafi raƙumin dawa bai fi tafin hannu ba. A nan kuwa sai ka ɗaga kai kafin ka ga fuskarsa, don namijin yana iya haura mita 5. Wata daga cikinmu har baya ta ja ta taka ƙafar ƙawarta!

Mun kuma koyi cewa dole kyamara ta tsaya wuri ɗaya, a daidai tsayin idon mutum. In aka ɗauka cikin mota tana tafiya, ido yana ce wa ƙwaƙwalwa ana motsi, jiki kuma ya ce a zaune yake, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Biyu daga cikinmu sun ɗanɗana.

Amma inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne: in mu ne za mu haɗa namu na Kure, me za mu nuna? Bidiyon da muka kalla duk daji ne fetal, babu mutum ko ɗaya. Kure ba haka take ba. Raƙuman ba a cikin shinge suke ba, tsakanin ƙauyuka da gonaki suke yawo. Da damina suna kan tudu cikin kurmi, da rani su gangara kwarin Dallol Bosso su ci ganyen gawo, tunda gawo da rani yake kore. Suna shiga gona su ci waken manomi. Itatuwan da suke dogaro da su kuwa ana sare su, a faɗaɗa gona ko a kai itacen girki birni. Wanda ya ga dabbar kawai zai ce kai, ga kyau, ya cire tabarau bai san abin da ke barazana gare ta ba.

Don haka muka tsara wurare uku da za a kafa kyamara: ƙarƙashin gawo lokacin da suke kiwo, bakin gonar wake manomin yana faɗin asararsa da bakinsa, sai gefen hanya inda ake loda itace. Wasu sun ce a cire na biyun, wai zai sa yara su tsani dabbar. Muka jefa ƙuri'a, ya tsaya, domin yawancinmu ƴaƴan manoma ne, mun san zafin a wayi gari an cinye gona.

Kyamarar ba mu da ita tukuna. Tabarau uku dai suna ofishin shugaban makaranta, kuma duk uba ko uwar da ke son gwadawa za su iya zuwa ranar walimar sauka. A zauna kafin a ɗora, kada a wuce minti biyar.