Yadda Ake Gina Ruhewa a Ƙasar Adar

Wanda ya fito daga Tawa ya nufi Kalfu, abin da zai fara cin karo da shi a gefen ƙauyukan hanya shi ne ruhewa, wato rumbun ƙasa mai ƙaton ciki, zaune bisa duwatsu da jinka a ka. Wata ta kai tsawon mutum biyu. Baƙo yakan ɗauka da tubali aka yi ta, alhali babu tubali ko ɗaya a jikinta, balle siminti ko ƙarfe. Ƙasa ce da ciyawa da ruwa, sai hannun mutum. Yadda mai ginin tukunya ke tayar da tukunya, haka ake tayar da ruhewa, kuma wanda ya zo mata da dabarar ginin ɗaki, aikinsa ba zai wuce ƙugu ba.

Ni a hannun kawuna na ga aikin, ni ne mai miƙa masa ƙasa. Shi manomi ne kamar kowa, ba da gini yake ci ba. Amma a kowace unguwa akan samu mutum ɗaya ko biyu irinsa da Allah ya ba hannu, su ake kira idan gida zai yi sabuwar ruhewa, mutanen gidan kuma su ne 'yan aiki.

Ana farawa bayan an gama kaka, tsakanin Nuwamba da Janairu, kuma ruwa ne dalili. A ƙasarmu damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, rijiyoyin tudu kuma suna da zurfi. Ginin nan yana shan ruwa ƙwarai, don haka sai a yi shi tun tabki bai ƙafe ba, tun jaki na iya zuwa ya dawo da jarkoki kafin rana ta take. Mata da yara su ne ke ɗauke da wannan wahalar, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba idan ana yabon ginin.

Sai ƙasa. Jigawa ba ta yi, rairayi ne zalla. Laka ake nema daga bakin tabki ko fadama, in an samu ƙasar tsohon suri a haɗa da ita, don tana da danƙo kuma in ta bushe ƙarfi gare ta. A tara ta wuri guda, a farfasa, a tsince tsakuwa, a zuba ramno da ƙaiƙayin hatsi da kashin jaki, a kwarara ruwa a shiga da ƙafa. Bayan an tattake sai a rufe ta da kara a bar ta kwanaki ta ruɓa, ana yayyafa ruwa ana sake cuɗawa, har warinta ya canza, ciyawar ta yi laushi ta zama ɗaya da lakar. Gwajin ba wuya. Murza ta a tafin hannu ta yi tsawo, ka lanƙwasa. In ta karye, rairayi ya yi yawa. In ta lanƙwasu amma gutsuren da ka shanya ya tsattsage, ciyawa ce ba ta isa ba.

Gindi kuwa, Adar ba ta rasa dutse ba. Ana kafa turke, a ɗaura igiya a zana da'ira a wuri mai ɗan tudu da ruwa ba ya kwanciya, a jera manyan duwatsu a kan zanen da tsakiyarsa, tsayinsu kamar kamu ɗaya. Wannan sararin da ke ƙarƙashi shi ke raba hatsi da danshi, kuma ta nan ake ganin hanyar gara tun ba ta kai ga itace ba. A kan duwatsun a shimfiɗa itace mai ƙarfi, na bagaruwa ko na aduwa, a gicciya ƙanana a kai, a zuba ƙasa mai kauri a daddaɓe. Itacen nan yanzu shi ne tsadar aikin, don sara ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji ba laifi ne, shi ya sa in tsohuwar ruhewa ta faɗi ba a barin itacenta ya tafi murhu. A bar daɓen ya bushe sarai kafin a ɗora masa komai.

Daga nan bango ya fara tashi. Mai miƙo ƙasa yana murza ta ta yi tsawon kamu da kaurin damtse, magini ya karɓa ya ɗora a gefen da'irar, ya matse da yatsu, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, yana jan lakar sama yana shafe mahaɗa har ba a gane inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Kaurin bangon bai wuce yatsu huɗu ba, yana ƙara sirancewa in ana yin sama. A rana ɗaya ba a tayar da fiye da taƙi ɗaya ko biyu. An zagaye, an haɗe, sai a wanke hannu a tafi wata hidima. Gobe da sassafe a dawo. Kowane zagaye yana ɗan fita waje kaɗan, da haka cikin ke buɗewa. Ana tafiya ana soka ƙananan duwatsu masu faɗi ko guntayen itace a jikin bangon, su ne matakalar da za a riƙa hawa daga baya. Wannan sashen duk mai haƙuri zai iya shi.

Inda ake sanin magini shi ne kafaɗa, wurin da bango zai daina buɗewa ya juyo ciki ya nufi baki. A nan ɗanyar ƙasa za ta rataya bisa sarari, babu abin da ya tallabe ta daga ƙasa, babu katako babu tokari. Abin da ke riƙe ta kawai shi ne zagayen ya haɗu, kowane gefe yana dafe da ɗan'uwansa. Saboda haka zagayen kafaɗa ba a barinsa rabi. Kawu ba ya fara shi sai ya ga an murza ƙasar da za ta kai shi ƙarshe an jera a kan tabarma, kuma in ya fara ba ya amsa sallama sai da kai.

A lokacin yana cikin ruhewar, tsaye kan turmi da aka kife ko kan ɗan dandamalin itace, kai da kafaɗunsa kawai ake gani. Kafin ya ɗora komai sai ya bi zagayen jiya da babban yatsa yana dannawa. In yatsan ya nutse, ƙasar ba ta yi ƙwarin ɗaukar nauyi ba, sai ya ce, "Bar ta ta sha iska, ɗana," a tashi aiki ko da an riga an kwaɓa. In kuma yatsan bai bar ko alama ba, ta bushe fiye da kima, sabuwa ba za ta kama tsohuwa ba, wata rana nan za ta rabe. Sai ya kakkarce saman da tsinke, ya yayyafa ruwa da tafin hannu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu ya jira. Abin da yake nema tsakani ne, inda yatsa zai bar ɗan gurbi amma bango bai motsa ba. Wannan ba a koya shi da baki, sai yatsanka ya taɓa ya ji.

Kowace murɗaɗɗiyar ƙasa yana ɗora ta ne ta shigo ciki da misalin faɗin yatsa ɗaya, ba ƙari. Hannun hagu na ciki yana tallabe, na dama na waje yana lallashi, kuma ba ya sakin wuri sai ya ji nauyin ya koma kan na ƙasa. Mai gaggawa yakan shigo da yatsu biyu ko uku don ya rufe da wuri. Ranar ba za a ga komai ba. Da dare ɗanyar ƙasar za ta sunkuyo a hankali, da safe a tarar da kafaɗa ta lotsa, ko ta zube cikin ruhewar gaba ɗaya, aikin mako biyu ya koma tarin laka.

Ga kuma iskar hunturu, wadda ke busowa daga gabas da arewa. Gefen da take duka yana riga ɗayan bushewa, ƙasa kuma in ta bushe takan tsuke, sai ginin ya fara karkata ba tare da na ciki ya sani ba. Shi ya sa ake jingina zana ko tabarma ta wannan gefen. Shi ya sa kuma Kawu kan fito bayan kowane zagaye, ya yi nisa kamar taki ashirin, ya tsuguna ya runtse ido ɗaya, ya tashi ya koma wani gefen ya sake dubawa. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me kake gani wanda ba mu gani?" Ya nuna mini inuwar ginin a ƙasa, ya ce in gefe ɗaya na inuwar ya fi ɗayan ƙiba, to gobe da gyara za a fara. Washegari kuwa ya ɗauki wuƙa ya sassabe wurin tun yana da sauran danshi, ya cike inda ya rame, sannan ya ci gaba. Har yau in na ga ruhewa mai kafaɗa daidai ta kowace fuska, sai na tsaya na kalle ta, don na san abin da aka sha kafin ta yi haka.

In kafaɗa ta rufu, saura sauƙi. Ana tsuke wuya har bakin ya rage daidai yadda mutum zai shige da kafaɗunsa, a yi masa leɓe mai kauri da zai jure taka da gogar igiya. Magini ya fito ta sama. A bar ta makonni ta bushe, a yaɓe waje da laka mai kashin dabba, a cike duk tsagar da ta bayyana, a ƙona ɗan ƙaiƙayi a ciki don ya kore sauran danshi da ƙwari. Jinka a ƙasa ake haɗa ta, da gamba ko kara da igiyar kaba, a yi ta da faɗi yadda za ta sauko ta rufe kafaɗa, sannan maza su ɗaga su ɗora. Gamba ta yi ƙaranci a dajinmu, da yawa yanzu sai sun saya.

Mutanen da ba su san ƙasar nan ba sukan ce me ya sa ba za a sussuke hatsin a zuba a buhu a ajiye a ɗaki ba. Buhu yana da wurinsa. Buhun nan mai ruɓi uku na PICS, da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi a 2007 tare da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ya ceci waken manoma da yawa daga ƙwari, kuma ban ga mai musun haka ba. Amma hatsi a zangarniyarsa ya fi daɗewa, yana iya yin shekaru a ruhewa mai kyau bai lalace ba. Sannan buhu a ɗaki kusa yake da hannu, kusa da kasuwar Lahadi ta Tawa. Biki ya taso a ɗebi tiya goma, baƙo ya zo a ɗebi biyar. Ruhewa kuwa sai an sauke jinka, an hau, an zura yaro ciki, kowa a gida ya gani. A gidanmu ruhewar gandu ba a taɓa ta da rani, abin da aka samu a gamana, wato 'yar gonar kowa ta kansa, shi ake ci, ita sai damina ta faɗi an shiga noma, lokacin da hatsi ya fi tsada kuma jiki ya fi bukatarsa.

Ba yau aka san darajar wannan ba. Bayan yunwar 1931 Turawan Faransa sun tilasta wa ƙauyukan Nijar ajiye hatsi a rumbunan tanadi. A 1970 gwamnati ta kafa hukumar OPVN don ta riƙa tara abinci, daga baya aka zo da bankunan cimaka a ƙauyuka. Duk da haka, a farin 1984, da kuma a 2005 bayan ƙarancin ruwa da fara sun cinye amfanin 2004, jihar Tawa na cikin inda abin ya fi tsanani, kuma kafin motar taimako ta iso, abin da ke cikin ruhewar gida shi ne ya riƙe mutane. Abin da ke damuna shi ne lokacin ginin ya zo daidai da lokacin tafiya bida. Ana gama girbi samarinmu sun kama hanyar Abijan ko Libiya, ba su dawowa sai shuka, wasu sai bayan shekaru. Kuɗin da suke aikowa yana gina ɗakin siminti da kwano, Allah ya saka musu, amma masu rufe kafaɗa tsufa suke yi babu mai tsaye a gefensu.

Ranar zubi, bayan an fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sai a barbaɗa toka a ƙasan ruhewar, wasu su ƙara da ganyen dogon yaro. Mutum ɗaya ya shiga, ana kwance dammai ana miƙa masa, yana jera zangarniya a zagaye yana takawa don kada a bar wa ɓera wurin zama. Hatsin sai ya bushe ƙayau, don ɗanye guda ɗaya yana iya ɓata na kewaye da shi. In ta cika a rufe bakin da faifai ko dutse mai faɗi, a liƙe da laka, a mayar da jinka.

Ruhewa ba ta mutuwa da tsufa, ruwa ne ke kashe ta, kuma ta kafaɗa yake shiga. Wanda ke da ita ya hau ya duba jinkarsa tun cikin Afrilu ko Mayu, ya sake yaɓen da ya zube, ya leƙa ƙarƙashi ya kankare hanyar gara. Kada ya bari sai ya ga hadari ya haɗu a gabas sannan ya fara neman gamba.