Yaron Da Ƙafafunsa Suka Lanƙwashe

Karatu: II Samu'ila 4:4 da 9:1-13

Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara 5 sa'ad da ya gurgunce. Mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka lalace. Ba laifinsa ba ne, ba kuwa la'ana ba ce. Daga baya Sarki Dawuda ya aika aka nemo shi daga Lo-debar, ya zaunar da shi yana cin abinci tare da 'ya'yan sarki.

'Yan'uwa, a cikin ikilisiyoyinmu ma akwai irin waɗannan yara. A bara wata mai bi ta kawo mana 'yarta mai shekara 3 domin addu'a. Yarinyar ba ta son tsayawa, in ta taka sai kuka, ƙafafunta kuwa sun yi gwame. Dangin miji sun ce uwar ce ta ƙetare wani abu tana da ciki. An yi wa yarinyar tsaga, an shafa magani, ba ta samu sauƙi ba. Muka yi addu'a, sa'an nan muka ce a kai ta asibiti, gama addu'a ba ta hana neman likita.

Likita ya dubi wuyan hannunta, ya ga ya kumbura. Ya shafa haƙarƙarinta, ya ji ƙulle-ƙulle a jere kamar dutsen wuya. Aka ɗauki hoton ƙashin hannu da na gwiwa, aka ɗibi jini. Ya ce ciwon da a ke kira rikets ne, watau ƙashin yaro ya kasa ƙwari, har nauyin jiki ya lanƙwasa shi kamar ɗanyen kara.

Me ya ke kawo shi? A ƙasashen Turai yawanci rashin hasken rana ne, domin rana ce ke sa fata ta yi bitamin D. Amma mu nan rana ba ta yi mana rowa ba. Likitoci a Jos suka bi diddigin abin, suka buga sakamakon a 1999. Sun raba yara 123 kashi uku: waɗansu aka ba su bitamin D kaɗai, waɗansu kalsiyam, waɗansu duka biyu, har mako 24. Waɗanda suka sha kalsiyam sun fi sauran warkewa nesa ba kusa ba. Kalsiyam shi ne abin da ke gina ƙashi, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Abincin yaran nan kuwa bai ba su fiye da kamar miligiram 200 a rana ba, abin da bai kai rabin bukatarsu ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Da an yaye yaro, sai kunu da tuwon masara ko dawa, safe da yamma. Ciki ya cika, ƙashi yana jin yunwa. Nono da madara sun fi kome, sai ƙananan busassun kifi a daka su da ƙashinsu a zuba a miya. Kuka da zogale ma suna taimako. Mun san gidajen da a ke sayar da nonon duka a kasuwa, ba a rage wa yara ko ludayi ɗaya ba. Wannan ba dabara ba ce.

Kada mu firgita iyaye: yaro ƙasa da shekara 2 ya kan yi 'yar ƙafar baka ta miƙe da kanta. Amma in ya wuce haka tana ƙaruwa, ko yana kukan ƙafa, ko tafiya ta yi jinkiri, a kai shi. Wanda aka bari ya girma da shi, sau da yawa sai an yi masa aiki.

Yarinyar nan ta sha maganinta wata 6 ba fashi. Matan zumunta suka ɗauki nauyin kuɗin mota, wani dattijo mai shanu yana aiko da ƙwaryar nono kowace Asabar. Zafin ya tafi tun a watannin farko, amma likita ya ce miƙewar ƙafa sai a hankali, watakila shekara biyu ko fiye. Yanzu tana zuwa makarantar Lahadi da ƙafarta.