Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaure Wilin Keken BMX

Wani mai sauraro daga Rogo Ruma ya samu tsohon keken BMX, yana tambaya ko sifok ɗin keken Phoenix zai shiga wilinsa.

Ba zai shiga ba. Wilin Phoenix inci 28 ne, na BMX kuwa inci 20, don haka sifok ɗin BMX gajere ne. Yaran Kaliforniya ta Amurka ne suka fito da wasan BMX a farkon shekarun 1970, suna kwaikwayon masu tseren babur, har ya shiga gasar Olamfik a 2008. Keken tsalle ne, dole wilinsa ya jure duka.

Mai gyara zai fara ƙirga ramuka, na rim da na hob su zo daidai, galibi 36, wasu 48. Sai ya jera sifok rukuni-rukuni, yawanci kowanne ya tsallake guda uku kafin ya isa rim. Wurin ɗaurewa ne gwani ke bayyana: kaɗan-kaɗan yake matsawa, yana juya wilin yana duba inda yake rawa. Mai gaggawa kan bar wili a karkace, hanyar ƙauye mai gargada kuwa ba ta jimawa take tsinke masa sifok.