Masu ɗaura wa tsohuwar mota tirela, ku ji wannan

Ni bakanike ne a Gumel, rabin rayuwata a ƙarƙashin Peugeot na yi ta. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma abin da ya faru wata Alhamis a hanyar Maigatari ya hana ni sukuni.

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, da nake duba wa mota tun ina yaron gareji. 504 ce haɗin Kaduna, cikin waɗanda aka riƙa fitarwa bayan buɗe masana'antar a 1975. Har yau kujerunta ba su yage ba, kuma ba a zuba mata baƙin mai sai yana tsaye. Da ita yake zuwa Kano da Haɗeja, da ita yake zumunci har Damagaram. Da ya yi ritaya ya koma noma wajen Sule Tankarkar, sai wani ya ba shi shawara ya sa a yi masa 'yar tirela mai taya biyu, ya huta da kuɗin haya. Shawarar ba ta da aibu. Inda aka kai aikin ne matsalar.

Ya kawo motar ne saboda kuloci na ƙauri. Ina zagayawa baya sai na ga abin mamaki: rodin gini aka lanƙwasa aka liƙa a jikin bamba, aka zura wani dogon ƙarfe, aka ɗaure da waya. Babu sarƙa, babu danja, babu ko ɗan jan ƙyalle.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan?"

Ya ce wani yaro ne mai walda, kuma ya ba shi garanti.

Na ce masa bamba ado ce, ba a jan kaya da ita, ya bar min motar in ɗaura ƙugiyar a shasi da noti. Ɗansa da ke tuƙa shi ya yi dariya ya ce ai sun sha zuwa Gagarawa da ita lafiya lau, mu bakanikai dai ba ma rasa abin cewa. Alhaji ya ce, "Malam, gyara min kulocin kawai, sauran Allah na nan." Na gyara, na sake faɗa, suka tafi.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, suka loda gero buhu 9. Saboda a rage wa motar nauyi, wai, sai suka tura yawancin buhunan can bayan taya, suka ɗaure rago a kai. Sun bar Gumel ba da nisa ba ɗan Alhaji ya taka wuta zai wuce wata motar shanu, tirela ta fara wutsil-wutsil, tana jan bayan motar hagu da dama. Ya tsorata ya danna birki. Nan take waldar ta ɓalle. Tirela ta tsallaka titi ita kaɗai, ta je ta haɗu da amalanken wani yaro da ke gefen hanya. Sa ɗaya a wurin aka yanka shi. Yaron, wanda bai fi shekara 12 ba, ya karye a cinya. Shi da ba shi da mota, bai san mai walda ba, shi ya biya kuɗin garantin.

Ni aka kira in jawo motar. Na ɗauki guntun rodin na duba bakin da ya karye. Waldar tsibi-tsibi take kamar kashin kaji, cikinta duk tsatsa, alamar wuta ba ta taɓa ratsa ƙarfen ba, fenti baƙi kawai aka shafe ta da shi. Da farce na ɓamɓare wani sashe. Alhaji na zaune a bakin kwalta, hularsa a hannu, bai ko kalli motar ba.

Wallahi masu waldar nan na ba ni haushi. Yaro ya koyi haɗa ƙofa da taga wata shida, gobe ya ce yana ƙera tirela. Ya tsinto gatarin tsohuwar Golf a wajen 'yan gwangwan, bai buɗe boris ya ga ko da giris ba, ya ɗora tayoyin da suka shekara a rana duk sun tsattsage. Su ma masu motar da laifinsu: mutum zai kashe dubbai a fenti da rediyo, amma a ce ya sayi ƙugiya ta gaskiya da sarƙa biyu sai ya fara ciniki.

A yi lissafi. 504 nauyinta wajen kilo 1,200 ne. A Ingila, tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda ta wuce kilo 750 ba har da kayanta, kuma kada ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta. Ke nan iyakar 504 wajen kilo 600. Buhu 9 na kilo 100 da ƙarfen tirelar sun haura tan guda. Birkin da aka yi wa mota ɗaya shi aka ce ya tsayar da kusan biyu, kuma birkin da ya haura shekara 40. A Jamus, mai jan tirela kilomita 80 a awa ne iyakarsa sai da izini na musamman, su da ba sa gamo da garken shanu da amalanke a kwana. Mu nan ranar Alhamis, 60 ma ta yi yawa.

Ƙugiya a shasi ake ɗaure ta da noti, ba a bamba ba. Kafin nan ma a ƙwanƙwasa shasin da guduma, don tsohuwar mota ta ciki take ruɓewa. Kaya mai nauyi gaban taya yake zama, tirela ta ɗan danne bayan mota, ba ta ɗaga shi ba. Sarƙa biyu, a gicciye a ƙarƙashi. In ta fara rawa a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari daidai, kar a danna birki. A sa danja, mai babur da ke bayanka da magariba ba ya ganin baƙin ƙarfe. A tsaya a taɓa wajen boris, in hannu bai iya zama ba a nemi giris. A lura da lagireto lokacin bazara.

Kuma na sake faɗa: ba a bamba ba. Ko wa ya ba ka garanti.

Haka masu jan lalatacciyar mota da igiyar rijiya, ku ma maganar ta shafe ku, ranarku daban.

Shugabannin masu walda na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, don Allah ku tsawata wa yaranku, wanda bai iya ba ya ce bai iya ba. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan tirela a ƙofar gidanku, ko ta mahaifinka ce, ka kwance ta ka kai wa wanda ya san aiki ya duba kafin Alhamis mai zuwa.