Ku Fara Buɗe Fayil Kafin Ku Zana

'Ya'yana masu zane a waya da kwamfuta, ina ganin yadda kuke jera hotuna gida-gida, kowane mutum da maganarsa rubuce a saman kansa, yaro ya karance labari a WhatsApp kafin shayinsa ya huce. Wannan baiwa ce, kuma akwai inda ake jiranta.

A Kaduna akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, maƙil da fayilolin Razdan da Di'o: rahoton haraji da jangali, shari'u, wasiƙun sarakuna da Larabci da ajami. Ga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970. Sakkwato na da ma'ajiyar Waziri Junaidu, Yamai na da tsofaffin rubuce-rubucen hannu a cibiyar bincike ta IRSH. Masu shiga waɗannan wurare galibi masu neman digiri ne. Yaro ɗan shekara 15 ba zai zauna da takarda mai ƙura da tsohon Turanci ba, kuma ban ga laifinsa ba. Zanenku ne zauren da zai bi ya shiga.

Ku ɗauki Satiru. A watan Fabrairun 1906 talakawan wannan ƙauye na kusa da Sakkwato suka yi wa mulkin Nasara bore, suka kashe Turawa 3. Cikin jagororinsu har da Ɗan Makaho, wanda ya gudo daga ƙasar da Faransa ke mulki, Nijar ta yau. A watan Maris aka dawo da sojoji aka shafe garin. Labari ne da zai riƙe yaro shafi bayan shafi. Sai dai ku lura da wanda ya rubuta fayil ɗin Satiru: wanda ya ci yaƙin ne. Shi ya zaɓi sunan da zai kira mutanen, shi ya zaɓi abin da zai yi shiru a kansa. In kuka kwashe maganarsa kuka zuba wa mutanen Satiru a baki, kun zalunce su karo na biyu. Ku je ku ji abin da dattawan Sakkwato suka gada a baka, ku aza shi kusa da na Bature, yaro ya ga inda suka saɓa.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne daɗin alƙalami. Mai zane dole ya ba mutum fuska, ya naɗa masa rawani, ya sa shi magana, alhali takarda ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ba haramun ba ne, amma ku faɗa. Maganar da ta fito daga takarda ku ba ta launi dabam, wadda kuka ƙaga ku ba ta nata. A shafin ƙarshe ku sa hoton ainihin takardar, da lambar fayil, da sunan gidan da take ajiye. In ajami ce, ku rubuta bokonta a ƙasa. Da yawa daga cikin yaranmu sun yi makarantar allo, za su yi mamakin yadda idonsu zai gane.

Ma'aikatan waɗannan gidaje kuwa ku girmama su, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto, kada ku jiƙa yatsa da yawu ku buɗe takardar da ta haura shekara 100. In aiki ya fito, ku kai musu kwafi da hannunku.