Mai Dafa Dutse Ba Ya Barin Wuta Ta Mutu

Jama'a, a cikin maganganun magabata babu wadda ta sha wuya a bakunanmu kamar ta haƙuri. Lebura ya yi wata uku bai ga ladansa ba, sai a ce masa haƙuri maganin zaman duniya. An cinye wa marainiya gadon ubanta, sai kawunta ya ce, "Ɗiyata, mahaƙurci mawadaci." Magana dai gaskiya ce, amma an ajiye ta inda ba muhallinta ba.

Ɗauki wadda kowa ya sani: mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ya kai mai karatu, wa ya taɓa girki hannu a naɗe? Sai an faskara itace, an hura wuta, hayaƙi ya cika ido, ruwa ya ƙone an ƙara wani. Haƙurin da ake yabo ke nan, wato juriya a kan aiki ko da amfaninsa ya yi jinkiri. Wanda ya zuba wa tukunya ido alhali murhu ya huce, sunansa rago, kuma magabatan nan su suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Mu nan Bauchi ba sai mun je nesa neman misali ba. Malam Yakubu ya daɗe yana almajiranci a gaban Shehu Usmanu kafin ya karɓo tuta ya kafa garin nan a 1809. A shekarun 1940 kuma, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda ke koyarwa a makarantar Midil, da Malam Abubakar Tafawa Balewa sukan hallara a dandalin tattaunawa na Bauchi, suna bin diddigin ayyukan En'e, a zamanin da talaka ba ya ɗaga ido a gaban hakimi. Sa'adu mai zafi ne, Abubakar kuwa mai auna magana, amma shi ne ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara. A ganina dukansu mahaƙurta ne, don sun yi shekaru a kan magana ɗaya ba su gaji ba.

Mai son rufe bakin irin waɗannan samari ba ya rasa makami. Zai ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Haka ne, amma gogewa ake nufi, ba furfura kaɗai ba. Kuma bakin da ya faɗi wannan shi ya ce babba juji ne. Wanda ke son a saurare shi don girmansa, dole ya jure sharar da yara za su zuba masa, har da tambayar da ba ta yi masa daɗi ba.

Sai wata maganar magabata da ita ma ke son haƙuri, wato gaskiya ta fi kwabo, wadda jaridar Zariya ta ɗauka suna a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta. Kwabo ya ɓace, maganar tana nan. Ka tsaya a layin 'yan hatsi a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ka ga masu awon kirki: a cika mudu ya yi tozo, a ƙara ɗan gyara da tafin hannu. Shi kuwa wanda ya bubbuge gindin mudunsa don ya rage cikinsa, ya ci ribar yini. Uwargida za ta sake aunawa a gida ta ga gero ya gaza. Ba za ta aiko a yi rigima ba. Gobe ta tura yaro wurin maƙwabcinsa, kuma kafin a tashi daga gidan suna, matan unguwa duk sun san rumfarsa.