Tafasa a Gonar Kaɗa

Manoma, ku san tafasa da kyau. Masana sun ce asalinta ƙasashen Amurka masu zafi ne. Yau ta bazu daga Senegal har Sudan, a bakin hanya da makiyaya da saura.

Ganyenta bibbiyu ne, jeri uku, da dare sukan rufe. Furenta rawaya ne. Kwansonta siriri ne, a lanƙwashe kamar lauje.

Dangin wake da gyaɗa ce, amma saiwarta ba ta da ƙulallan nan masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abincin kaɗa take cinyewa. Ƙwayarta kuwa takan yi shekaru a ƙasa ba ta mutu ba.

Saboda haka ku cire ta tun noman fari, kafin ta yi ƴaƴa. Ganyen a kai gida a yi kwaɗo.